Gayyar da muke cin tuwonta ba mu taɓa kai hauya ba

Ƴan uwana ƴan kasuwa na bakin iyaka, tun daga Gaya da Kamba, zuwa Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari. Yau ina so in ja hankalinku kan wani abu da kuke wucewa ta gabansa kowace ranar kasuwa, ba tare da kun taɓa tsayawa kun tambayi ko na wane ne ba.

Kwanakin baya na shiga kasuwa ɗaukar rahoton farashin hatsi kamar yadda na saba, rana ta yi zafi, sai na raɓe a rumfar wani saurayi mai tura wa mutane waƙoƙi da karatu a katin waya. Kun dai san irinsu: tsohuwar kwamfuta ta kan tebur, ƴar lasifika guda, da gurup yana ta ƙugi a bayan rumfa. Maƙwabcinsa wani dattijo ne mai sayar da atamfa, wanda muka daɗe da sanin juna. Ya leƙo yana kallon yadda sunayen mawaƙa ke jere a fuskar kwamfutar, sai ya ce da ni, "Malam, wannan abin da ke jera waƙoƙin nan yana kunna su, nawa yaron nan yake biyan masu shi a wata?" Na ce, "Ko dala ba ya biya, Alhaji." Ya ce, "To su masu shi me suke ci?" Na ce masa yawancinsu aikin sa kai suke yi, ba mai biyansu. Alhaji ya gyara hula ya ce, "Malam, ko dai ba su da hankali, ko kuma akwai lauje cikin naɗi."

Ban ga laifin Alhaji ba, domin kuwa wanda ya yi shekara talatin yana biyan duwan da kwastan da ƴan kamasho, da wuya ya yarda akwai abin da ake ba mutum don Allah. To amma maganar tasa ta tsaya mini a rai, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Da farko dai bari in yi bayani ga wanda bai sani ba. Abin da ke kunna waƙa a kwamfuta manhaja ce, wato abin da masu lakkol a nan ke kira lojisiyel. Manhaja kuwa iri biyu ce. Akwai wadda kamfani ya ƙera ya kulle sirrinta, kamar mai kilishin da ba ya gaya wa kowa haɗin yajinsa. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda masu ita suka baje rubutun ƙirarta a fili, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya ƙara, ya raba wa wasu, bisa sharaɗin shi ma ya bar nasa gyaran a buɗe. Wannan sharaɗi yana cikin wata takardar izini da ake kira GPL, wadda wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya fitar a 1989. Masu wannan aiki su ne ƴan sa kan da nake nufi (ba masu bindigar nan da muke ji a labarai ba), kuma yawancinsu suna da aikin da suke ci da shi da rana, sai dare ya yi su zauna kan wannan.

Wadda kuka fi sani ita ce VLC, mai alamar mazurarin nan ruwan lemu da ake jerawa a kan titi. Ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta Faransa, École Centrale Paris, su suka fara aikin a 1996, aka buɗe ta ga kowa a 2001, sa'annan a 2009 aka kafa ƙungiyar VideoLAN, wadda ba ta neman riba, don ta riƙe ta. Shugaban ƙungiyar, Jean-Baptiste Kempf, ya sha faɗa a hirarraki cewa an yi masa tayin miliyoyin kuɗin Yuro don ya cusa talla a cikinta, ya ƙi. A farkon 2025 sun ba da sanarwar an sauke ta fiye da sau biliyan 6. To ita VLC ta yi suna, tana da jama'a. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne ƙananan, waɗanda aka yi su musamman don tara waƙoƙi da tsara su, irin waɗanda mu ma'aikatan radiyo da masu rumfar tura waƙa muka fi bukata.

Lokacin da na fara aikin radiyo, da kaset muke aiki, muna juya shi da biro idan ya warware. Da kwamfuta ta shigo, kusan kowane ɗakin watsa shiri da na leƙa Winamp ce ke kai. Ba buɗaɗɗiya ba ce, ta kamfani ce. An ƙera ta a Amurka a 1997, kamfanin AOL ya saye ta a 1999, kuma a ƙarshen 2013 ya sanar da cewa zai rufe ta. Ba don wani kamfani na ƙasar Beljiyam ya saye ta a farkon 2014 ba, da shi ke nan. A watan Satumba na 2024 masu ita suka ce sun fito da rubutun ƙirarta fili, suna gayyatar jama'a su zo su taya su gyara, amma da sharaɗin ba wanda zai raba nasa gyaran ga kowa. Wato ka zo ka yi noma, amma rumbun nasu ne su kaɗai. Masana suka yi ca a kansu, kafin wata guda ya cika aka janye rubutun gaba ɗaya. Ke nan duk abin da yake hannun mai shi guda, ranar da ya ga dama ya rufe ko ya sayar, ba ka da ta cewa.

Yanzu ku dubi ɗaya ɓangaren. A 2003 wani Bajamushe, Mark Kretschmann, ya fara wata buɗaɗɗiyar manhajar sauraren waƙa mai suna Amarok. Ta karɓu ƙwarai, domin tana iya tara dubban waƙoƙi ta jera su bisa sunan mawaƙi da faifai da shekara. A ƙarshen 2008 masu ita suka sake mata fasali gaba ɗaya, mutane da yawa ba su ji daɗin sabon fasalin ba. Da ta kamfani ce, da sai dai haƙuri. Amma da yake a buɗe take, a 2010 wasu mutane, cikinsu har da David Sansome da John Maguire, suka ɗauki tsohon fasalin suka dasa shi daban, suka sa masa suna Clementine, kamar dai yadda ake saran karan rogo a wata gona a kai wata a dasa ya yi saiwa. Clementine ta yi tashe, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Sai dai bayan fitowar da ta yi a 2016, aka yi shekaru ba a ga wata cikakkiyar sabuwar fitowa ba. Ba wanda ya hana su, ba wanda ya saye su. Mutane ne kawai, hidimar rayuwa ta yi musu yawa. A 2018 kuma wani mutumin ƙasar Norwe, Jonas Kvinge, ya sari nasa karan daga Clementine ya dasa, ya kira shi Strawberry, ya ci gaba da ban ruwa. Ita kanta uwar, Amarok, ta yi barcin shekara shida tun daga 2018, sai a 2024 wasu ƴan sa kai suka tashe ta da sabuwar fitowa.

Wannan tarihi ya nuna mana cewa buɗaɗɗiyar manhaja ba ta mutuwar farat ɗaya, tun da irin yana hannun kowa. Amma ya nuna wani abu kuma wanda ya fi damuna, shi ne duk wannan hidima a wuyan mutane ƙalilan take, wani lokaci ma mutum guda. Shi mai Strawberry abin ya kai shi ga ya ce shiryayyar manhajar da ake sakawa kai tsaye a Windows da Mac, sai masu ba da gudummawar wata-wata za su samu, ko da yake rubutun ƙirar yana nan a buɗe ga duk wanda zai iya haɗa ta da kansa. Wasu sun yi ƙorafi. Ni kam ban ga laifinsa ba. Mutumin da ke kwana yana gyara, gari ya waye ya tarar da saƙonnin mutanen da bai sani ba, wannan na cewa abu kaza ya lalace, wancan na cewa me ya sa ba a ƙara abu kaza ba, ba mai cewa sannu, ai dole wata rana ya nemi kuɗin fura.

To mu ina muke a cikin wannan gayya? Amsar ita ce muna gindin inuwa muna jiran tuwo. Gidajen radiyonmu na karkara da irin waɗannan manhajoji muke watsa shiri. Yaran rumfa da su suke neman na abinci. Ko wanda zai ce shi ba ruwansa da kiɗa, to ya sani da su ake kunna karatun Alƙur'ani da tafsirin azumi da wa'azin da yake saye a kati. Amma ban taɓa jin wani daga cikinmu ya mayar da ko allura ba.

Na san abin da za a ce: mu ba injiniyoyi ba ne. Gaskiya ne, ni kaina iyakar karatuna sakandare. Sai dai a gayya ba kowa ke riƙe hauya ba, akwai mai ɗebo ruwa, akwai makaɗi. Babban aikin da ke jiranmu, wanda ba Bature ko Bajamushen da zai yi mana shi, shi ne fassara. Duk kalmomin da ke fitowa a fuskar manhaja an ware su ne a jeri guda, layi bayan layi, mai sa kai ya karanta na Turanci ko na Faransanci ya rubuta na harshensa a gefe. Na duba jerin harsunan Clementine, na ga harshen mutanen Iceland, ƙasar da jama'arta duka ba su kai rabin miliyan ba, mutanen Yamai kaɗai sun ninka su. Na ga Biretanci, harshen wani yanki na Faransa wanda ko a can ba kowa ke jinsa ba. Ban ga Hausa ba. Ba kuma hana mu aka yi ba, ƙofar a buɗe take, ba mu je ba ne. Alhali a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Abin tambaya a nan shi ne, harshen ƙasa da ba ya fitowa ko a maɓallin kunna waƙa, a ina zai fito?

Don kada a ce ina faɗar abin da ban taɓa ba, ni na gwada. Na yi wajen wata biyu ina zama bayan an rufe tasha da dare, ina fassara layukan wata daga cikin manhajojin nan. A nan na gane aikin ba wasa ba ne. Maɓallin da ke tsayar da waƙa na ɗan lokaci da wanda ke kashe ta gaba ɗaya, wannan da sauƙi, "dakata" da "tsaya". Wurin da ake tara waƙoƙin duka fa, "rumbu" za a ce ko "taska"? Maɓallin da ke sa waƙoƙi su riƙa zuwa ba bisa jeri ba, na rubuta "gauraya", abokin aikina ya ce "cakuɗa" ta fi, mai gadinmu ya ce a sa "kan mai uwa da wabi" kowa zai gane. Idan na ce "jerin waƙoƙi", malamin da ya jera surori zai ji haushi, don haka na bar shi "jeri" kawai. Ga kuma rigimar da ku mutanen iyaka kuka fi kowa sani: mu a nan muna rubuta ƴ mai ƙugiya, a tsallake suna rubuta 'y, mu ce kuran su ce lantarki, mu ce jaka su ce dubu. Mutum guda ba zai yanke wannan hukunci shi kaɗai ba. A ƙarshe na ajiye aikin ban kai ko rabi ba. Kuɗin intanet daga aljihuna yake fita, wuta na ɗaukewa a tsakiyar aiki, kuma ba ni da abokin shawara sai mai gadi. Ina faɗar wannan ne da kunya, amma gara in faɗa.

Akwai wani aikin da ya fi fassara sauƙi, shi ne kai rahoton matsala. Alal misali, ku ɗauki sunan Ɗanƙwairo. Haruffa biyu masu ƙugiya ne a cikinsa. Kowace waƙa ta MP3 tana ɗauke da ƴar takardar shaida a cikinta, mai sunan waƙa da na mawaƙi. Tsohon tsarin wannan shaida, na 1996, harafi 30 kawai yake ɗauka a suna, kuma bai san haruffanmu ba, shi ya sa wani lokaci za ka ga alamar tambaya ko ɗan akwati a wurin ɗ da ƙ da ɓ. Sabon tsarin ya san su, amma duk da haka wasu manhajojin kan jefa sunan da ya fara da Ɗ can ƙasa bayan Z, ka nemi Ɗan Gurmu ko Ɗan Maraya a kusa da D ka rasa. Ko kuma ka rubuta Dankwairo ba ƙugiya a wurin nema, ta ce maka babu, alhali yana nan. Mutumin Norwe ba zai taɓa cin karo da wannan ba, domin ba ya sauraren Ɗanƙwairo. Idan ba mu rubuta mun gaya masa ba, cikin ladabi, da hoton abin da muka gani da bayanin yadda ya faru, har abada ba zai sani ba. Haka nan su sababbin kwamfutoci gare su, mu kuwa tsofaffin da Turai ta yar muke saye, ga ƙura ga zafi ga wutar gurup mai hawa da sauka. Yaron rumfa da zai gwada sabuwar fitowa a kan tasa tsohuwar na'urar ya ce ga inda ta yi nauyi, shi ma ya yi aikin sa kai.

Wani zai ce ai zamanin kwamfutar tebur ya wuce, kowa waya yake riƙe. To katin da ke cikin wayar, a ina aka cika shi? Sauraren waƙa kai tsaye ta intanet na mai kuɗin saye ne da mai zama inda layi ke da ƙarfi. Direban da ya kwana uku a bakin iyaka yana jiran takarda, da abin da ke katinsa yake hira, ko Shata ne ko Barmani Coge ko Sa'adu Bori. A nan zan ɗan ratse in ce, kasancewar manhaja kyauta ba ya nufin waƙar ma kyauta ce. Mawaƙan da ke raye da iyalan waɗanda suka rasu suna da hakki a kan abin da ake turawa a rumfunan nan, wannan kuwa magana ce ta wata rana.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce wadda wani saurayi ya ba ni. Ya ce, "Baba, su waɗancan suna da albashi, wuta ba ta ɗauke musu, in sun yi ciwo akwai mai biya. Ni da ban karya kumallo ba za ka ce in yi aikin kyauta?" Ban iya ba shi amsa ba, domin gaskiya ya faɗa. Ko da yake zan iya ce masa aikin yana da ladansa, tun da duk layin da ka gyara da sunanka yake tafiya, kuma mutane da yawa ta wannan hanya suka koyi sana'ar har suka samu aiki, amma alkawarin gobe ba ya maganin yunwar yau. Shi ya sa ban rubuta wannan don samari ba, na rubuta ne don ku.

Ko a ƙauye, mai kiran gayya shi ke dama fura ya yi tuwo ya sayi goro. Samarin na kawo ƙarfinsu ne, ba sa zuwa da abincinsu. Ku ƴan kasuwa kuna da ƙungiyoyi, na masu hatsi, na masu dabbobi, na masu kayan waya, kuna tara kuɗi duk mako, kun gina masallatai kun haƙa rijiyoyi, Allah ya saka da alheri. Abin da nake roƙo bai kai kuɗin buhun siminti goma ba. Ƙungiya guda ta ɗauki nauyin samari biyu ko uku, ɗaya daga wannan gefe ɗaya daga tsallake, ta biya musu kuɗin intanet da na abinci na wata uku, ta haɗa su da malamin Hausa guda da zai riƙa duba kalmomin, su zauna su fassara manhaja ɗaya tak daga farko har ƙarshe, su aika wa masu ita. Kada a ɗauki biyar a lokaci guda a watsar, kamar yadda na yi da tawa gudar. Kuma a san cewa aikin ba ya ƙarewa ranar da aka aika, domin duk sabuwar fitowa tana zuwa da sababbin layuka, sai an samu mai leƙawa lokaci zuwa lokaci. Wanda kuma Allah ya hore wa, mai aika kuɗin kaya Dubai da Sin ba tare da wahala ba, ba zai gagara aika jaka biyar ga mutanen da yaransa ke cin abinci da aikinsu ba, tun da galibinsu sun bayyana hanyar da ake ba su gudummawa.

Na koma wurin Alhaji mai atamfa ranar kasuwar da ta biyo, na karanta masa abin da na fara rubutawa. Ya saurara har ƙarshe, sa'annan ya ce, "To Malam, in an fassara ɗin, sunan wa za a sa?" Na ce na waɗanda suka yi aikin, kuma ba abin da zai hana a ambaci ƙungiyar da ta ɗauki nauyi. Ya ce zai kai maganar taronsu na ƙarshen wata, amma in zo da kaina in yi bayani, kuma in zo da yaron rumfar da kwamfutarsa don dattawa su gani da idonsu. Layukan da na fassara na ajiye suna nan a kati, da su zan je.